Balki Ɗiyar Noma, Mai Riƙon Tsibi

A Tungar Gawo, ɗan ƙauyen da ke bayan tudu in ka baro Lugu, Balki ba ɗaya ba ce. Akwai Balki mai ƙosai, akwai Balki matar liman. Amma in baƙo ya ce Balki ta Tsibi yake nema, ko ƙaramin yaro zai turo baki ya nuna masa gidan, sannan ya yi gaba abinsa, don ba mai son ya tsaya kusa sa'ad da za ta buɗe baki. Mace ce doguwa, busasshiya kamar karan dawa na rani, ta ba sittin baya. Tana yawo da sanda, ba don ƙafa ta gaza ba, sai don awakin mutane da ƴaƴan mutane.

Tsibin da ake jingina ta da shi tarin duwatsu ne a gefen gonar ubanta, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum. Abin da gidansu ya riƙe game da shi ke nan. A shekarar da rundunar Turawan Faransa ta ratso ƙasar Arewa tana ƙone garuruwa, 1899 a lissafin ƴan lakwal, wato ƴan boko, mazan Tungar Gawo sun ɗauki baka da kwari sun tafi Lugu taya faɗa. Waɗanda harsashi bai gama da su nan take ba suka jawo jiki za su gida, suka kasa isa, suka mutu a gindin tudun nan. Mata ne suka rufe su cikin gaggawa, suka yi ta ɗora duwatsu don kada kuraye su tone.

Tun daga ranar, duk ɗan da aka haifa a zuriyarsu, namiji ko mace, ubansa zai nemo dutse ya ɗora masa a kan tsibin, don na kwance su san ba su ƙare ba. Uba ne ke ɗorawa, da hannunsa. In kuwa yaro ya zo duniya uban ya riga ya tafi, sai gwaggonsa ta tsaya gaban tsibin ta kira sunan uban sau uku. In ba a amsa ba, kuma mamaci ba ya amsawa, sai ta ɗora da hannun hagu. Sunayen mutanen da ke ƙarƙashin duwatsun, da kirarinsu da gidajen da suka fito, mutum ɗaya ne ke riƙe da su a kowane zamani, kuma ba a faɗa wa kowa sai mai dutse a tsibin. Noma, uban Balki, shi ya riƙe su a zamaninsa.

Balki ce ta fari a ɗakin uwarta. Uwar ta jera mata, wasu suka koma tun suna jarirai, kafin ta samu namiji, aka riƙa ce masa Tanko kamar yadda ake ce wa wanda ya biyo mata. Sunansa na yanka Is'haƙa, amma ba mai kiransa da shi. Ba a yaye shi ba uwar ta rasu, saboda haka a bayan Balki ya yi wayo. Da shi take daka, da shi take zuwa rijiya, har wuyanta ya saba da ɗumin numfashinsa. Yaron ya tashi da hannu. In gero ya fara nuna aka tura shi koron tsuntsaye, ba ya ɗaukar majajjawa, da hannu yake jifa, kuma abin da ya nufa shi yake samu. Balki ta sha cewa a nuna masa ɗan kuka ɗaya a cikin reshe, ya kakkaɓo shi bai taɓa na kusa da shi ba.

Da aka ɗauke shi lakwal a Dogon Dutsi, ita ke daka gumba ta bi ƴan kasuwa ta kai masa. Aka yi mata aure a Ɗan Kassari, ta haifi ƴaƴanta can, amma ɗan mace na gidan wasu ne, ba su da dutse a tsibin Tungar Gawo. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta, ta kama noman gero da wake a gonarsa.

A wannan tsakanin ne Tanko ya dawo daga karatu a Yamai, da gemu da sabuwar magana. Ya ce kada a sake ce masa Tanko. Ya iske Noma a gaban tsibin yana zuba ruwan gumba kafin shukar fari, kamar yadda shi Noma ya ga nasa uban na yi. Ya ce wannan shirka ne tsagwaronsa, ya ce shi ba zai tashi ranar alƙiyama sunansa na cikin gumaka ba. Ya hau tsibin da takalmi, ya tono dutsensa, wanda Noma ya nuna masa tun yana ƙarami, ya wurga shi can cikin kwari. Noma ya miƙe. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma gida, kuma bai ga girbin wannan shekarar ba. A kan tabarmar jinya ya zuba wa Balki sunayen, ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa, don ɗan da ya tanadar wa su ya fitar da kansa. Is'haƙa ya zo jana'iza, ya yi salla, bai sha ruwan gidan ba ya koma. Tun daga ranar shi da Balki ba su sake haɗa ido ba, shekara ashirin da wani abu.

Kada a ɗauka Balki ba ta salla. Tana yi, tana azumi, liman ma ya san da haka. Ita dai ba ta ga abin da ya haɗa sallarta da mutanenta da ke kwance ba. Amma zamani ya juya mata baya. Samarin da ke dawowa daga ci-rani suka kafa lasifika a kasuwa, kuma ko ba su ambaci suna ba kowa ya san da wa suke. Ƴan'uwa suka daina ɗora wa ƴaƴansu dutse. Masu dutse na da, wasu suka mutu, wasu suka ɓace a Kamba da Legas. Ta taɓa tare Rabilu, ɗan ƙanen ubanta, wanda ke da dutsensa a tsibin, ta ce ya zo ta ba shi sunayen. Ya ja da baya kamar ta miƙa masa garwashi, ya ce, "Yaya Balki, ki bar ni in mutu da imanina."

Sai ta riƙa bitar sunayen ita kaɗai a bakin turmi, kowace saukar taɓarya da sunanta. Bara da rani, wata safiya, ta zo tsakiya suna ɗaya ya ɓace mata. Ta tsaya da taɓarya a sama. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, babu. Sai da rana ta take sannan ya dawo mata tana bakin rijiya. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma tun daga ranar ta san cewa in ba ta samu wanda za ta sauke wa kayan nan ba, za su zube a hanya tun kafin ta kai kabari.

Mutum ɗaya ya rage mata a zuci. Shekara goma sha shida da suka wuce, ƴan kasuwa sun kawo labarin an yi wa Is'haƙa haihuwa a Dogon Dutsi, mace, an sa mata Amira. Ba a aiko wa Balki goro ba. Duk da haka ta hau tudu ta zaɓo wani jan dutse kamar dunƙulen hannu, ta jefa shi a ƙasan rumbu. Kowace shekara in gero ya ƙare sai ta gan shi, ta zuba sabon gero a kansa.

A bazarar bana mai gari ya zo har ƙofar gidanta, abin da bai saba ba. Ya ce ƴan lise, babbar sakandaren Dogon Dutsi, masu karatun tarihi, za su fito yawon gani da ido. Za su fara da Lugu, sannan su biyo Tsibi, tunda yanzu rediyo ba ta da zance sai na kakanni da suka tsaya wa Turawa. Ya ce ta share wurin, kuma ta shirya faɗa musu sunayen, za su ɗauka a waya.

"Wa zai kawo su?" in ji Balki.

Mai gari ya duƙar da kai yana gyara takalmi. "Mushensu, malamin tarihi."

"Shi mushen ba shi da suna?"

"Balki, ƙanenki na."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni ban da ƙane. Amma shi zo. Tsibi ba ya gudun kowa."

Ba ta share wurin ba. Da safiyar ranar ta shiga rumbu ta tono jan dutsen, ta sa shi a ƙwarya ta rufe da faifai, ta je ta zauna a inuwar gawon da ke kusa da tsibin, sandarta a kan cinya.

Motar ƴan lise ta kasa hawa yashin, suka sauko suka ƙarasa da ƙafa, rana na dukan su. Samari da ƴan mata ne sun kai talatin, kowa da waya a hannu, wasu da kaye, littafin rubutu. Mai gari na gaba. A bayansa wani mutum mai furfura a gemu, da tabarau, ya yi ƙiba kaɗan, amma tafiyar ba ta sake ba, har yanzu yana jefa ƙafar dama waje kamar Noma. Balki ta kawar da kai.

Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Sannu da hutawa, Inna," kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa a bakin hanya.

Ba shi take kallo ba ma. Idonta na bin ƴan matan ɗaya ɗaya, har ya tsaya kan wata siririya mai farin hijabi da ke dariya da ƙawarta. Wushiryar uwar su Balki ce a bakin yarinyar, da goshin, ba ragi.

Is'haƙa ya tara ɗalibansa ya fara bayani da Faransanci, yana nuna tudu, yana nuna hanyar Lugu. Sannan ya juya da Hausa, ya ce a nan waɗansu jarumai suke kwance, mutanen da suka tari bindiga da kibiya, ya ce ƙasa ba za ta manta da su ba. Muryarsa na da daɗi, ya iya magana.

Wani saurayi mai ɗan gemu da ɗagaggen wando, Yazid suke ce masa, ya dubi tsibin ya taɓe baki. "C'est tout? Iyakarsa ke nan? Mushe, wannan ne monument ɗin? Duwatsun da ke bayan gidanmu sun fi su yawa."

Aka yi dariya. Wata yarinya ta miƙa wa ƙawarta waya, ta ɗora ƙafa a kan tsibin za ta hau a ɗauke ta hoto. Sandar Balki ta sauka a ƙasa dab da ɗan yatsanta, ƙura ta tashi.

"Sauke ƙahwarki. A gidanku kan kakanninki kike hawa?"

Yarinyar ta yi tsalle baya tana gunaguni. Mai gari ya ce a yi haƙuri, tsohuwa ce. Is'haƙa ya gyara tabarau ya matso.

"Inna, an ce kin san sunayen mutanen da ke nan. Yaran nan za su rubuta. Muna so a yi allo a kafa a wurin, kowa ya zo ya karanta."

"Ba a ba baƙo."

"Ba baƙi ba ne. Ƴan ƙasa ne, tarihinsu ne."

"To su tai ƙasa ta ba su."

Yazid ya ce, da ƙarfi don a ji, "Mushe, ƙyale ta. Ai irin wuraren nan ne malamai ke faɗa. Ga alamar gumba can an zuba. Mu an ce za a kai mu wurin jarumai, ashe wurin gumaka aka kawo mu."

Sai a lokacin Balki ta miƙe. Ta dubi yaron daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan wanga, ka makara. An riga ka hwaɗin wagga magana tun ba a haife ka ba, kuma wanda ya hwaɗe ta ya hi ka iya baki. Ga shi nan tsaye da gilashi. Nan inda yarinyar can ta taka, nan ya hau da takalmi, ubanai na kallo." Ta juya. "Ko ba haka anka yi ba, Tanko?"

Sai wani daga baya ya ce a hankali, "Mushe Tanko," dariya ta ɓarke, masu rufe baki da kaye na yi, masu juya baya na yi. Yazid bai yi dariya ba. Ya ce, "Mushe, ashe kai ɗan azna ne?"

Fuskar Is'haƙa ta yi nauyi. Shekara da shekaru a Dogon Dutsi yana limancin sallar azahar a lise, ba wanda ya san daga inda ya fito. Ko ɗiyarsa abin da ya faɗa mata ke nan, danginsa na wani ƙauye ne can, kuma duk sun ƙare. Yarinyar mai wushirya ta daina dariya. Ta ratso ƴan'uwanta ta fito gaba, tana duban tsohuwar, tana duban ubanta.

Ya rage murya ya ce, "Yaya, nan ba wurin wannan magana ba ne."

"Au, yanzu na zama Yaya? Ɗazu Inna nike. Ban haife ka ba, goyo dai na yi, har bayana ya gaji." Ta nuna tsibin da sanda. "Jiya shirka, yau tarihi. Duwatsun ga ba su sake ba, Tanko. Rediyo ta sake."

"Ban zo bauta musu ba, kuma ba zan taɓa yi ba. Jaruntarsu na zo nuna wa yara, wannan daban, wancan daban. Ki dubi kanki, Yaya. Kin tsufa. Ranar da kika faɗi, sunayen nan sun bi ki rami. Ki bari a rubuta, ko don su."

Maganar ta same ta a inda ke ciwo, don shi bai san da safiyar nan ta bakin turmi ba, amma ita ta sani. Ta hango abin a zuci. Allo a bakin hanya, akuya na soshe jiki da shi, masu lasifika na tofa masa yawu, yara irin wannan mai ɗagaggen wando na karanta kirarin kakanta suna dariya. A'a.

"Akwai hanya," ta ce. "Ga ɗiyarka nan. Ɗora mata dutse, in ba ta su duka, ita ta riƙe."

"Ba zan ɗora ba."

"Don mi?"

"Kin san don me. Abin da na fita daga cikinsa ba zan tura ɗiyata ciki ba."

Amira, mai wushiryar nan, ta juya. Ta sunkuya ta ɗauki wani dutse a gefen hanya, ta nufi tsibin da shi.

"Ajiye," in ji ubanta.

"Aje shi," in ji Balki, kusan tare da shi. "Ba mai ɗora wa kansa. Uba ka ɗorawa."

Yarinyar ta tsaya a tsakaninsu da dutse a hannu. Shekara ashirin da wani abu ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba sai yau, a kanta. Ta saki dutsen ya faɗi, idonta ya cika.

Balki ta koma gindin gawo ta buɗe faifai, ta ɗauko jan dutsen. Ta ce wa yarinyar, "Wanga naki na. Tun ranar sunanki yake cikin rumbuna yana jiran ubanki." Sannan ta mayar da shi hannun hagu, ta je ta tsaya gaban tsibin.

Mai gari ya gane kafin kowa. Ya ce, "Balki, ki ji tsoron Allah. Wannan na marayu ne. Mutum na tsaye da ransa."

"In shina da rai shi amsa."

Ɗaliban ba su san abin da ake ciki ba, amma sun ga fuskar mai gari, suka yi shiru. Is'haƙa ya sani. In ya amsa, ya amsa sunan da ya yar, a gaban tsibin da ya kira gumaka, a gaban yaran da ke bin sa salla. In bai amsa ba, yayarsa za ta lissafa shi cikin matattu, ɗiyarsa na kallo.

Balki ta ɗaga murya, irin kiran da take yi masa da can in ya daɗe a gona.

"Tanko ɗan Noma."

Ba amsa. Iska mai zafi ta kaɗa ganyen gawo. Wani ya ɗaga waya, na kusa da shi ya danne masa hannu.

"Tanko ɗan Noma."

Amira ta ce, "Baba," da ƙaramar murya. Bai dube ta ba. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin gemunsa.

Balki ta dakata. Ba ta so ta kai na uku. Tana jin nauyinsa a bayanta kamar jiya, da yadda yake cusa hannu cikin wuyan rigarta in ya ji tsoron kare. Amma ta san kanta, ta san in ta buɗe baki za ta ƙarasa, kuma in ta ƙarasa ba ta da ƙane har abada, ko a zuci. Ta ja numfashi.

Kafin sunan ya fito ya iso gare ta. Ya fizge dutsen daga hannunta da ƙarfi har ta yi taga-taga. Ya juya ya nufi bakin kwari da sauri, hanyar da ya bi wancan karon, ɗalibai na darewa. Balki ta rufe ido. Shi ke nan, dutsen ya tafi inda na uban ya tafi.

A bakin kwarin ya tsaya. Ya juyo, nesa sosai da tsibin, ya ce da muryar da ta fashe, "Ga tsiyarku nan, ku ci."

Ya yi jifa. Dutsen ya tashi sama, ya sauko a ƙoƙon tsibin, ya buga ƙwas, ya faɗa tsakanin wasu manya biyu ya zauna daram.

Yazid ya tafa hannu. "Mushe ya jefi shaiɗan." Wasu suka yi dariya, suka ji daɗi mushensu ya rama, ya nuna wa tsohuwar matsayin duwatsunta.

Balki ta taka a hankali ta zagaya tsibin, ta leƙa, ta ga inda jan dutsen ya zauna. Ta dubi nisan da ke tsakanin tsibin da bakin kwari. Kwarin na bayansa, faɗinsa ya ishi makaho. Ta dubi ƙanenta, shi kuwa yana kakkaɓe hannu yana kallon wani wuri.

"Mai gari, ka shaida," ta ce. "Hannun uba na."

"Balki, jifa fa ya yi. Da zagi."

"Al'ada hannun uba ta ce. Ba ta ce da fara'a ba."

Is'haƙa ya daka wa ɗalibai tsawa da Faransanci su koma mota, yawon ya ƙare. Bai yi wa mai gari sallama ba, balle ita. Amira ta tsaya a baya kaɗan. Balki ba ta rungume ta ba, ba ta ma taɓa ta ba. Ta ce, "In an ba ku hutu ki zo. Ki zo da kunnuwanki, ki bar kaye gida."

A Dogon Dutsi sunan ya bi shi. Har yau in ya juya baya yana rubutu a allo, akan samu mai cewa Mushe Tanko a ƙasan maƙoshi, kuma wasu iyayen sun yi ƙorafi a kan limancinsa, ya bar wa wani. Ya ɗora laifin duka a kan yayarsa, ya ce ko gawarta aka kawo ba zai bi ba. Da aka kai mata maganar ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba ta gayyace shi ba.

Da aka ba da babban hutu, damina ta sauka, Amira ta hau motar ƴan kasuwa ta zo Tungar Gawo. Uban bai ce ta tafi ba, bai ce kada ta tafi ba. Ta bakin uwarta kawai ya aika, cewa kada ta kuskura ta sha abin da aka zuba wa duwatsu. Balki ta ba ta taɓarya ta tsayar da ita a bakin turmi. Hannun ƴar birni ya yi kanta kafin sati, ta yi kuka, Balki ta ce kakanninta da harsashi a ciki suka jawo jiki daga Lugu ba su yi wannan raki ba. Balki na faɗin sunayen tana maimaitawa, kowace saukar taɓarya da sunanta. In yarinyar ta yi tuntuɓe a koma farko. Rannan Balki ce ta tsaya cik a tsakiya, a wurin nan dai na bara, sai Amira ta faɗi sunan ta wuce, ba ta ko lura ba. Tsohuwar ta juya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ana gobe za ta koma, Amira ta ce, "Gwaggo, Baba ya ce in gaishe ki."

"Ƙarya kike. Ɗauki taɓarya."

Yarinyar ta ɗauka, amma ba ta fara ba. Ta ce ta yi tunanin ta sauka kwarin nan ta nemo dutsen ubanta, in Gwaggo za ta kwatanta mata kamanninsa.

"Ba ruwanki da shi, ba ruwana," in ji Balki. "Ni ko leƙa kwarin ban taɓa yi ba. Mai shi ya san inda ya jefa shi. Hannunsa ba ya kuskure." Ta tura mata turmin da ƙafa. "Daga na fari."